Na sayi shayin rage ƙibar da 'yan matanmu na tekwando ke sha a ɓoye, ga abinda na gani

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman iyaye mata da masu horar da yara da ku kanku 'yan wasa. Yau zanyi magana ne akan wani fakitin rage ƙiba da ake ta tallarsa a Instagram da status ɗin WhatsApp, irin wanda zaki tura kuɗi a kawo miki shayi kala biyu, na safe da na dare, a haɗo miki da takardar tsarin cin abinci, sannan a saka ki a wani gurup inda wata da suke kira koci zata dinga bibiyarki kullum. Bazan kama sunan masu shi ba don ba su kaɗai bane a kasuwar, suna da yawa kuma salon nasu kusan ɗaya ne, in kinga ɗaya kinga saura. Ni dai aikina horar da 'yan mata tekwando ne, da idon wannan aikin kuma na duba kayan, don haka tun kafin muyi nisa bari na faɗa miki inda na tsaya: in dai ke 'yar wasa ce, ko kina da 'ya ko ƙanwa da take tirenin, kar ki saya, kar kuma ki bari a saya mata.

Dalilin da yasa ma na cire kuɗina na saya shine gasa ta matso sai na fara lura yara suna yawan neman izinin zagawa bayi ana tsaka da tirenin, wata kuma da na santa da ƙarfin ƙafa ta koma bata kai zagaye na biyu sai kiga ta dafe gwiwa tana haki. Da na matsa da tambaya ɗaya daga cikinsu tace Anti gaskiya shayi muke sha, karo-karo mukayi muka saya muna rabawa. Ga wanda bai san wasanmu ba, mu da nauyi ake raba 'yan wasa, manyan mata akwai rukunin ƙasa da kilo 46, 49, 53, 57, 62, 67, 73 da kuma sama da 73, a Olamfik ma huɗu ne kacal, 49, 57, 67 da sama da 67. Ranar jajibirin gasa kowa zata hau sikeli, in kin haura an cire ki. To yarinya mai kilo 53 sai taga ai in ta sauka 49 zata fi abokan karawarta tsayi da doguwar ƙafa, shikenan ta ɗora wa kanta zubar da kilo 4 cikin 'yan kwanaki, ga kuma mai talla a waya tana rantsuwa cewa shayinta zai yi mata wannan aikin.

Bari na fara da abinda suka yi daidai don ba zalunci nazo yi ba. Suna amsa saƙo da wuri, da ladabi, Hajiya sannu Hajiya mun gode, kayan sun iso akan lokacin da suka ce, kwalin yana da kyau an rufe shi da kyau ba ƙura ba danshi. Shayin safen yana da daɗi, ana jin citta da kanumfari da ɗan na'a-na'a, ni a wajena bashi da maraba da shayin da zaki haɗa a kicin ɗinki. A takardar ma akwai shawara mai kyau guda biyu, a rage lemon kwalba da sikari, a dinga shan ruwa. Iya nan yabon ya ƙare.

Matsalar farko tana jikin kwalin. Ba lambar NAFDAC, ba adireshin inda aka haɗa, ba a rubuta adadin komai ba, an dai ce ganyayyaki ne na gargajiya zalla. Da na buɗe ƙullin shayin dare na zuba a faranti na gane ganyen nan take, filasko ne yafi yawa a ciki, wanda a turance ake ce wa sena, kakanninmu sun sanshi sarai kuma don wankin ciki suke shansa sau ɗaya in ciki ya ƙi, ba kowane dare ba. Ko a asibiti in an bada maganin da aka yi da shi ana cewa kar a wuce sati ana sha sai da izinin likita, su kuma waɗannan sun rubuta a sha kowane dare har wata guda, in ana son sakamako mai kyau a ƙara fakiti na biyu. Sannan ko da ace akwai lambar, ku sani fa irin lambar da NAFDAC ke bawa magungunan gargajiya mai harafin L a ƙarshe bata nufin hukumar ta tabbatar maganin yana yin abinda aka ce yana yi, shi yasa ake rubuta hakan a jikin kwali.

Na sha da kaina don naji abinda yaran ke ji. Kafin asuba cikina ya fara murɗawa, irin murɗar da zaki ji gumi na keto miki, daga nan sai zirga-zirgar bayi har hantsi, ranar da ƙyar na iya nuna wa yara bugu don ƙafata rawa take. Sikeli kuwa ya sauka, wannan gaskiya ne bazan ɓoye ba, kuma nan ne tarkon yake. Abinci in kin ci, a ƙaramin hanji jiki yake tsotse amfaninsa, shi kuma filasko a babban hanji yake aikinsa, can ƙarshe inda an riga an gama ɗibar abinda za'a ɗiba, don haka abinda yake fita ruwa ne da gishirin jiki da bahaya, kitse yana nan inda yake ko motsi baiyi ba. Cikin gishirin da ake asara akwai fotasiyam, shi ne yake sa tsoka ta matse ta saki yadda ya kamata, zuciya ma tsoka ce, in yayi ƙasa sosai sai ɗaurewar jijiya da kasala, in abin yayi tsanani bugun zuciya ya rikice. Ga kuma rashin ruwa, masana wasanni sun daɗe da nuna cewa asarar ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ya isa ya rage wa ɗan wasa ƙwazo, ga mai kilo 53 kilo ɗaya da ɗan ɗoriya kenan fa, a zafin garinmu kuma ana tirenin da rigar kariya a ƙirji da hular kai.

Amma wallahi shayin bai ɗaga min hankali kamar takardar abincin ba. Da safe ruwan ɗumi da lemon tsami sai shayi da dafaffen ƙwai ɗaya. Da rana kabeji da kokwamba da ɗan yankan kifi. Daga ƙarfe 6 na yamma an rufe baki sai shayin dare. An ja layi da jan biro akan tuwo, shinkafa, taliya, doya, dankali, burodi, har fura da kunu, wai duk su ne masu kawo tumbi. Na zauna na lissafa, duk yadda na kai ga yi musu sassauci bai kai kalori 1000 a rana ba, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bawa jiki. Takarda ɗaya ce kuma ake bawa kowa, mai shekara 45 da take zaune a ofis da yarinya mai 17 da take awa biyu tana bugu da tsalle, ba wanda ya tambaye ni shekaruna, ba wanda ya tambayi ko ina da ciki ko ina shayarwa ko ina da olsa ko hawan jini, lambar asusu kawai aka turo min.

Bari na nuna muku lissafin yadda masana abincin 'yan wasa suke yi don ku gane girman ɓarnar. Suna ɗaukar abinda kika ci su cire wanda tirenin ya ƙona, ragowar shi ne jiki zai yi amfani da shi wajen numfashi da bugun zuciya da gina ƙashi da al'ada da komai. Ana so ragowar nan ya kai wajen kalori 45 akan kowane kilo na jikinki in an cire kitse, in ya sauka ƙasa da 30 to an shiga layin haɗari. Ɗauki misalin mai kilo 53 da muce kilo 43 ne in an cire kitse, tana buƙatar ragowar wajen 1900, ki ɗora na tirenin muce 500, kinga ana maganar 2400 kenan a rana. Yanzu ki bata 900 na takardar nan, tirenin ya cinye 500, saura 400, ki raba da 43, ko 10 bai kai ba. Hausawa dai sun gama magana, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kuma saukar farko da ake gani in an daina cin tuwo da shinkafa, ajiyar makamashin da ke cikin tsoka da hanta ce take ƙarewa, kowane giram ɗinta yana riƙe da ruwa wajen giram 3, sai su tafi tare, sikeli yayi ƙasa yarinya tayi murna, alhali abinda zai bata ƙarfin zagaye na uku ne ta zubar.

Sai gurup ɗin, wanda shi ne nake ganin yafi komai cutarwa ga yarinya ƙarama. Kowace safiya sai kin turo hoton sikeli, kowane abinci sai kin turo hoton faranti, wadda ta sauka a yi mata tafi da addu'a, wadda ta hau a ce mata 'yar uwa kin ci amanar kanki. Akwai wadda ta rubuta cewa jiri take ji in ta miƙe, amsar da aka bata shine ai alama ce kitse na narkewa ki daure. Wata tace tayi biki ta ci shinkafa, aka ce ta ninka shayin dare ta kuma yini bata ci komai ba gobe. Ku duba wannan da kyau, a ci da yawa sannan a biya da maganin zawo da yunwa, wannan fa shi ne ainihin siffar cutar da likitoci ke kira bulimiya, sai gashi ana koyar da ita da sunan horo. Wadda tafi tsaya min a rai kuwa wata ce da tace watanta biyu bata ga al'adarta ba kuma bata da aure, kocin tace kar ki damu jiki ne yake sabawa da sabon tsari. Na rubuta a gurup ɗin nace don Allah 'yar uwa ki je asibiti, ba'a jima ba aka goge saƙon, aka biyo ni ta gefe ana cewa Hajiya kar ki tsorata mana kwastomomi.

Maganar al'adar nan ina so iyaye su ji ta da kyau don mu nan ba'a cika zancenta ba, yarinya ma sai taji daɗi in ta ɗauke, ba ciwon mara ba fashin tirenin ba fashin sallah, wasu kociyoyi maza har ɗauka suke alama ce ta yarinya ta dage. Ba haka bane. In jiki yaga abinci baya isa, ƙwaƙwalwa ce take rage sinadaran da ke tafiyar da al'ada don ta tanadi ƙarfi, sai sinadarin jikin mace da ake kira istirojin yayi ƙasa, shi kuma istirojin ɗin nan shi ke kare ƙashin mace. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin ƙashin da mace zata rayu da shi tana tara shi ne zuwa shekara 18, in aka yi wasa da waɗannan shekarun ba lallai a dawo da duka abinda aka rasa ba. Tun 1992 ƙungiyar likitocin wasanni ta Amurka ta bawa abin suna, matsala mai ƙafa uku da ke kama mata 'yan wasa, ƙarancin abinci, ɗaukewar al'ada, raunin ƙashi. A 2014 kwamitin Olamfik na duniya ya faɗaɗa bayanin ya kira shi RED-S, wato ƙarancin makamashi a jikin ɗan wasa, don an gano ba ƙashi da al'ada kaɗai yake taɓawa ba, har garkuwar jiki da zuciya da hanji da yanayin rai, kuma maza ma yana kama su, sun sake sabunta bayanin a 2018 da 2023. Ƙa'idar mai sauƙi ce, in al'ada ta ɗauke wata 3, ko yarinya ta kai 15 bata fara ba, likita za'a gani.

Kuma kar wani yace ai wannan sai ƙananan 'yan wasa marasa gata. Mary Cain a Amurka tun tana 'yar sakandare take karya tarihin gudu, ta shiga ƙungiyar 'yan gudu ta Nike Oregon Project ƙarƙashin koci Alberto Salazar, a 2019 ta fito a jaridar New York Times ta bada labarin yadda aka dinga matsa mata ta rame, tace shekara 3 tayi bata ga al'ada ba, ƙashi 5 ta karya, gudun nata ma ya lalace har ta kai tana cutar da kanta. Kafin ita akwai Christy Henrich 'yar wasan alkafura, a 1988 wani alƙalin wasa yace mata tayi ƙiba, daga nan ta shiga yaƙi da abinci, ta rasu a 1994 tana da shekara 22. Magana ɗaya fa daga bakin babba. Shi yasa ni a ɗakin tirenin ɗina ba'a auna yarinya a gaban 'yan uwanta, kuma ba mai ce wa wata kin yi tumbi ko da wasa. Wani babban bincike da aka yi a Norway aka wallafa a 2004 ya samu kashi 20 cikin 100 na manyan 'yan wasa mata suna da cutar da ta shafi cin abinci, sauran matan gari kuma kashi 9, a wasannin da ake kallon siffar jiki abin ya kai har kashi 42. Ma'ana 'yar wasa dama tana bakin rami, wannan gurup ɗin tura ta yake.

Mu kuma namu yaran ja biyu ake musu. A gida gwaggo tana cewa wannan wasan ya tsotse ki kin zama kamar ba mace ba wa zai aure ki haka, har akwai masu kawo mata sha ka fashe daga kemis, a filin wasa kuma sikeli na jiranta. Sai yarinya ta koyi ɓoyo, a gida ta ɗauki kwanonta ta shige ɗaki ta bawa ƙanne, ko tace ta ci a makaranta, ko tace azumi nake, yau Litinin gobe ramuwa jibi Alhamis, uwa kuma ba zata hana 'yarta ibada ba sai ma ta sa mata albarka. Azumi ibada ne mai girma kuma mu ma da Ramadan muna tirenin ɗinmu lafiya, mu dai maida shi bayan shan ruwa mu tabbatar an yi sahur mai nauyi, amma in kika ga yarinya tana azumi bata sahur, an sha ruwa kuma dabino ɗaya da shayi ta tashi, to ki zauna da ita. Ku haɗa da cewa binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, to wadda dama jininta bai cika ba ita ce za'a ce ta bar wake da hanta ta koma kokwamba?

Akwai kuma abinda masu tallar basu ma san da shi ba, dokar gasa. A tekwando yanzu bayan awon jajibiri ana iya zaɓo ki da safen ranar gasa ki sake hawa sikeli, kuma ba'a yarda ki haura kashi 5 cikin 100 na rukuninki ba, an yi haka ne dama don a hana wannan matse ruwan. Kowa kuma yaga abinda ya samu Vinesh Phogat 'yar kokawar Indiya a Olamfik ɗin Paris 2024, ta kai wasan ƙarshe a kilo 50, ta kwana bata yi barci ba tana fama ta sauke nauyi har gashinta aka yanke, da safe giram 100 ya rage aka cire ta, ta tashi ba lambar yabo ko ɗaya, ƙarshe sai da aka kwantar da ita saboda rashin ruwa a jiki, wannan fa da likitoci da masana a bayanta. Sannan ga maganar haramtattun ƙwayoyi. Hukumomi a ƙasashe daban-daban sun sha kama kayan rage ƙiba da ake ce wa na ganye an cusa musu sibutramin a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwar Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, wasu kuma an saka musu maganin sa fitsari. Duka biyun suna cikin jerin abubuwan da WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, ta haramta, kuma dokarsu duk abinda aka samu a fitsarinki ke ce da alhaki, ba ruwansu da cewa a shayi kika sha. Kwalin da ba'a rubuta me ke ciki ba, 'yar wasa bata da hurumin kai shi baki.

Na kira mai kayan na faɗa mata duk wannan cikin mutunci. Tace Hajiya ai ganye ne zalla, zawon kuma dattin ciki ne yake fita. Nace Maman yara, hanta da ƙoda Allah ya ɗora wa aikin tace jiki kuma suna yi ba dare ba rana, ki dai ƙara layi ɗaya a tallarki cewa banda yara 'yan ƙasa da 18, banda masu ciki, banda 'yan wasa. Tace zata duba, har yau tallar na nan yadda take. Instagram tun 2019 suka ce zasu ɓoye wa 'yan ƙasa da 18 tallar irin waɗannan kayan, amma status ɗin WhatsApp da gurup ɗin unguwa ba mai gadinsu, yaranmu kuma can suke gani.

Abinda muka yi daga baya shine na tara iyayen muka yi magana, waɗanda abin ya taɓa aka kai su asibiti aka duba jininsu, sannan muka ga masaniyar abinci, akwai su a manyan asibitocin koyarwa da na gwamnati kuma kuɗin ganinsu bai kai na fakitin nan ba. Bambancin a fili yake, ita sai da ta tambayi shekaru da awannin tirenin da al'ada da abinda ake dafawa a gida da abinda aljihun gidan zai iya, kuma bata hana tuwo ba. Abinda ta tsara namu ne na kullum, kunun gyaɗa da ƙosai da safe, garau-garau ko ɗanwake da ƙwai da rana, ayaba ko dabino kafin tirenin, fura da nono ko kindirmo da an tashi, awara, kwaɗon zogale da ƙuli, hanta in an samu, tuwo da miyar kuka da busasshen kifi da dare. 'Yar wasa mai tirenin awa ɗaya zuwa uku a rana ana so kullum ta samu giram 6 zuwa 10 na sinadarin da ke bada ƙarfi, irin na cikin tuwo da shinkafa, akan kowane kilo na jikinta, furotin mai gina jiki kuma giram 1.2 zuwa 2, duk kuma ana samunsu a kasuwar unguwa. Wadda da gaske take da abin ragewa, a hankali ake yi wajen rabin kilo a sati, tun gasa na nesa. Wadda take son sauka 49 ɗin nan kuwa na bar ta a 53 ɗinta, ta yi fushi da ni sosai, amma yarinyar da bata gama girma ba rukuni ake canja mata ya dace da jikinta.

Iyaye ku sa ido akan yarinyar da ta fara jin sanyi ana zafi, gashi na zuba, mura bata ƙarewa, ciwon ƙwauri ko tafin ƙafa da yaƙi warkewa, saurin fushi, hawa sikeli safe da yamma, shiga bayi da an gama cin abinci. Ba sai ta rame kamar zata faɗi ba, da yawa jikinsu daidai yake a ido. In kin gani kar ki fara da faɗa ko gori ko ɗura mata abinci, ki jawo ta jiki ki ce Mamana me ke damunki, don abin cuta ce da ta haɗa jiki da tunani, wani lokacin sai an haɗa da likitan ƙwaƙwalwa kuma ba abin kunya bane, cutar ƙin cin abinci tana cikin cututtukan tunani da suka fi kisa.

Ga waɗanda suka riga suka daɗe suna shan na daren, ku san cewa in kun daina ciki zai iya ɗaurewa na wasu kwanaki, ƙafa da fuska su ɗan kumbura, sikeli ya hau, ruwa ne jiki yake riƙewa don ya saba ana ƙwace masa kuma yana saki da kansa, a daidai nan ne yawanci ake tsorata a koma a sake yin oda. Kar ki koma, ki sha ruwa ki ci ganye da wake da 'ya'yan itace, in kin kai wata kina sha ko kina jin zuciyarki na bugawa ba daidai ba to ki je asibiti da kwalin a hannunki ki nuna wa likita.